Rufin Ɗakin Ema Arsih

Duk mai neman gidan saye a garin Cisaat, in ya shiga, ɗakuna yake fara leƙawa, ya murɗa famfo, ya tambaya ko maƙwabta masu hayaniya ne. Entin kuwa ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta ce a ba ta tsani.

Mai gidan, Pak Kosim, wato Baba Kosim, dattijo ne da ke shirin komawa wurin 'yarsa a Bandung. Ya juya ya dubi mijinta Oding, don a zatonsa shi ne zai hau. Oding ya sosa ƙeya.

"Ba ni ba ne, Pak. Ita ce."

"Ita? Haba Neng, rufi fa ba gadon kwana ba ne. In kika faɗo, ni za a riƙe." Neng shi ne yadda ake kiran mace matashiya a can.

"In na faɗo, Pak, ai rufinka ne ya kayar da ni. Ka ga mun huta da ciniki ke nan."

Pak Kosim ya yi dariya har da tari, ya tafi ɗauko tsanin yana girgiza kai.

Ba rigima ce ta sa ta ba. Entin 'yar Jatiwangi ce, garin da babu sana'ar da ta kai gasa genteng, falle-fallen jan yumɓun nan da muke jerawa a kan rufi. Marigayi mahaifinta a bakin tanderu ya ƙare rayuwarsa, ita kuma tun tana ƙarama take juya ɗanyen genteng a rana don kada ya lanƙwashe. Saboda haka in ana zancen rufi, Oding direban mota ne, nasa ido. Gidaje nawa suka duba a damunar nan, duk ita ta soke su: wannan gara ta cinye katakonsa, wancan an shafe tabon yoyo da sabon fenti don a rufe idon mai saye. Akwai wani mai rufin kwano a bayan kasuwa da Oding ya nace a kai, yana ta yabonsa kamar shi ya gina. Ta ce masa kwanon ya yi tsatsa, da rana tanda ne, in kuma ana ruwa ko kiran sallah ba za ka ji ba. Daga ranar bai ƙara sakin fuska ba.

Gidan kuwa ba don kansu kaɗai suke nema ba. Mahaifiyar Oding, Ema Arsih, wato Inna Arsih, ita kaɗai ta rage a ƙauyensu na can saman duwatsu, ga shi bara ta zame a hanyar rafi, gwiwarta ba ta koma daidai ba. Kowa ya san zaman kaɗaici ya ƙare mata. Abin da ba a sani ba shi ne ko za ta yarda ta sauko.

Wannan ne ke cin ran Entin, kuma ya daɗe yana ci. Tun da aka yi aurensu, har babban ɗansu ya shiga sakandare, tsohuwar nan ba ta taɓa kwana a gidanta ba. Takan zo da sassafe da ƙunshin sukarin kwakwa da shinkafar gonarta, ta yi wasa da jikoki, ta ci abin da aka dafa, ta yaba. Amma da la'asar ta yi sai ta ɗaura ɗankwali: kaji ba su da mai rufe su, ko akuya ta kusa haihuwa. Ko ranar da Entin ta haihu, motar ƙarshe tsohuwar ta bi ta koma. Kuma duk sanda ta shigo gidan hayarsu, abin da take fara yi shi ne ta ɗaga kai ta dubi sama, inda ruwa ya zana taswira a silin. Entin ta ga wannan kallon sau ba adadi. Wani lokaci ta ce a ranta yoyon ne tsohuwar ke ƙyama, wani lokaci kuma ta ce a'a, ni ce ba ta so. Na biyun ya fi zama mata, kuma ya sha sa ta kuka a bayan murhu. Shi ya sa ta yi wa kanta alkawari: gidan da za ta kira surukarta, ko ɗigo ɗaya ba zai sauko daga rufinsa ba, sai ta ga da me kuma za a fake.

Yau da kanta ta matsa aka je aka ɗauko Ema Arsih, don ta gani da idonta. Tsohuwar ta gaisa da Pak Kosim, ta ce iskar waje ta fi mata daɗi, ta zauna a kan benci a gindin gwaibar tsakar gida, sandarta a jingine da cinya. Matar Pak Kosim ta kawo mata shayi da soyayyen rogo.

Entin ta tamke ɗankwalinta a ƙeya, ta soke sukundireba a ƙugu, ta kama tocila da haƙori, ta shige ta ƙofar silin da ke saman falo.

Cikin rufi duniya ce daban. Zafi, duhu, da warin ƙura. Ba ta kunna tocilar nan take ba. Ta tsuguna a kan katako ta jira idonta ya saba, don rufin da ke da ɓaraka shi da kansa yake tona asirinsa, za ka ga hasken rana na tsiyayowa ta ƙananan huji. Ta duba gabas, ta duba yamma, ba ta ga komai ba sai siririn hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin indararo, wanda dama nan ne mashigar iska. Sannan ta kunna. Ta bi katakon ɗaya bayan ɗaya tana caka sukundireba. Katakon da gara ta shiga, daga waje lafiya lau yake, sai ka caka ya nutse kamar burodi. Wannan kuwa ko gezau, har hannunta ya fara zafi. Ta shafa babban gungumen tsakiya, ta shinshina yatsunta, babu danshi, babu warin ruɓa.

"Neng, kina da rai?" muryar Pak Kosim ce daga ƙasa.

"Ina nan, Pak. Jemagu nawa ka ba haya a nan?"

"Waɗannan ai tsofaffin 'yan haya ne, kyauta zan bar miki su."

Ta sauko fuska duk yana, ta sa Oding ya ɗauki tsanin zuwa waje. Yana riƙe mata shi ya yi ƙasa da murya.

"Neng, da dai mun ƙara duba na bayan kasuwar nan."

"Kang, don Allah. Gidan da ko akuya ba za ta kwana a ciki ba?" Kang take ce wa mijinta, wato Yaya.

"Kwano ai ana sauya shi."

"Riƙe tsani kawai."

Ta hau. A kan genteng ba ko'ina ake taka ƙafa ba, sai inda falle ya hau kan falle, nan ne katako yake a ƙasa. Haka ta riƙa tafiya a karkace, babu takalmi, tana tsugunawa tana ƙwanƙwasa su da bayan yatsa. Wanda ya gasu sosai ƙara yake yi tar, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take. Ta ɗaga ɗaya ta juya bayansa, sai ga tambarin wani tanderu na garinsu. Ba na mahaifinta ba ne, na wasu ne a can tsallaken titi, amma duk da haka sai da ta tsaya tana duban tambarin. Ta shafa shi, ta mayar a hankali. A doron rufin ta sami siminti ya ɗan tsage wuri guda, aikin wuni ɗaya ne. Gansakuka ta kama gefen da gwaiba ke yi wa inuwa, wannan kuma tsintsiya ce maganinta. Ɗakin baya, wanda take so a ba Ema, daga baya aka ƙara shi, rufinsa daban yake, ya gangara ƙasa da na uwar gidan. Ta duba mahaɗarsu da kyau, don a irin wurin nan ruwa yake samun ƙofa, ta ga an yi aikin da tsoron Allah.

Tana can sama hadari ya taso daga wajen dutse, kamar yadda ya saba bayan azahar. Wani zai ce rashin sa'a ne, Entin kuwa har da hamdala. Babu mai duba rufi kamar ruwan sama. Ta sauko da sauri, ta ce a mayar mata da tsanin ciki.

Ruwa ya kece. Oding ya kamo hannun mahaifiyarsa ya shigo da ita baranda, matar Pak Kosim ta ja mata kujera. Entin ta koma cikin silin da tocilarta, ta zauna tana sauraro. Ruwa na dukan genteng da wannan sautin mai taushi da ta tashi da shi, ba kwaramniyar kwano ba. Ta haska kowane lungu, ta sake haskawa, ta bi gefen bango da tafin hannu. A bushe. Ta jira har ruwan ya yi iyakar ƙarfinsa, iska na kaɗo shi ta gefe, ta ƙara bi. A bushe ƙayau. Daɗi ya kama ta, ita kaɗai a cikin duhu tana murmushi kamar wadda aka yi wa albishir.

Ta sauko, ko ƙurar jikinta ba ta kakkaɓe ba, ta je ta durƙusa gaban surukarta.

"Ema, zo ki ga ɗakinki."

Tsohuwar ta dubi ɗanta, shi kuma ya dubi ƙasa. Ta dafa sanda ta miƙe. Suka bi ta falo zuwa ɗakin baya, Pak Kosim na biye da su. Ɗaki ne madaidaici, tagarsa na kallon 'yar gonar ayaba, ga banɗaki a kusa, babu matakala ko ɗaya. Shi ba a yi masa silin ba, kana ɗaga kai jajayen genteng ne a jere reras.

"Ki duba, Ema. Kin ga ruwan da ake yi, ko ɗigo babu. Na caka kowane katako da hannuna. Wannan rufin sai ya ga jikokin jikokinki. Nan za mu sa gado, nan kuma tabarmar sallah, rana na shigowa da safe ta gasa miki gwiwa."

Ema Arsih ta ɗaga kai. Kallon nan dai da Entin ta sani, shi ne. Ta daɗe tana yi, sannan ta sauke ido ta gyara riƙon sandarta.

"Rufi ya yi kyau, Neng. Kin iya dubawa, Allah ya yi miki albarka. Ku saya."

"Za ki zo?"

"Zan zo."

Entin ta ji kamar ta rungume ta. Ta buɗe baki ke nan tsohuwar ta ƙara da cewa, cikin muryarta ta kullum, kamar mai zancen farashin gishiri:

"Dama ni kwana nawa ya rage mini. Gara in fara sabawa tun yanzu."

Entin ba ta gane ba. Ta juya wurin mijinta don ya fassara mata, sai ta ga namijin nan da ko a jana'izar mahaifinsa bai yi hawaye a gaban mutane ba, ya juya wa kowa baya, kafaɗunsa na rawa.

"Kang? Sabawa da me?"

"Oding, kul," in ji tsohuwar.

"A'a, Ema. Yau kam sai na faɗa." Ya share fuska da hannun riga, ya juyo. "Neng, kin sha zuwa ƙauyenmu. Kin taɓa ganin genteng a kan gida ko ɗaya?"

Ta tsaya tana tunani. Gaskiya ne, duk jinka ce, ta ganye da baƙin gashin kwakwar dutse. Ita a zatonta talauci ne, ko wahalar hawa da kaya kan dutse. Har ta taɓa ce wa Oding in sun samu hali su kai wa Ema mota guda ta rufe gidanta, ya ce a bari tukuna.

"Ba rashi ba ne," ya ce. "Genteng ƙasa ce. A wurinmu mai rai ba ya kwana ƙasa na samansa, sai ranar da aka kai shi makwancinsa. Mu da muka fito birni mun saba, ba ma ko tunawa. Ema kuwa tunda aka haife ta ba ta taɓa yi ba. Ta shiga ta wuni, wannan ba komai. Kwana ne ba ta yi."

Ruwa ya fara sassautawa. Pak Kosim ya ɗaga kai ya dubi rufin da ya kwana a ƙarƙashinsa rabin rayuwarsa, ya ce "Ikon Allah," ya sulale ya koma falo.

Fushi ne ya fara zuwa wa Entin, kuma mai zafi.

"Shekara da shekaru! Kang, shekara da shekaru kana kallona ina wanke zanin gado, ina shimfiɗawa, ina naɗewa ba a kwanta a kai ba. Kana ji ina tambayarka me na yi wa Ema, kana ce mini kaji ne. Kaji! Bakinka ciwo yake yi?"

"Ni na hana shi," in ji Ema Arsih. "Kada ki ga laifinsa. Tun ranar da muka je neman aurenki na sa ya yi mini alkawari."

"Don me, Ema? Me na yi da ba za a gaya mini ba?"

Tsohuwar ta nemi bango ta jingina, don tsayuwar ta fara isar gwiwar.

"Ranar nan mahaifinki ya zagaya da ni tanderunsa. Ya ɗauko falle ɗaya da zafinsa ya sa mini a hannu, yana murna kamar ya ba ni jariri. Na ga tafin hannunsa, duk ya tsattsage. Da yumɓun nan ya ciyar da ke, da shi ya yi miki kayan ɗaki. To ni wace ce da zan buɗe baki in ce wa 'yarsa abin da ubanta yake gasawa rufin matattu ne? Na ce gara ki ɗauka ni tsohuwa ce mai wuyar sha'ani. Wannan ai ba ya kashe kowa."

"Ni ya kusa kashe ni, Ema. Na zaci ba kya ƙaunata."

"Ke?" Tsohuwar ta yi 'yar dariya, idonta ya cicciko. "Wa kike tsammani nake hawa motar nan mai jijjiga ƙashi don in gani? Wannan mai fuskar shanun?"

Oding ya yi dariya cikin hawaye. Entin ba ta yi ba. Kunya ce ta rufe ta, da tausayi, da wani sanyi da ta daɗe ba ta ji irinsa a ƙirjinta ba. Ta tuna yadda ta tsaya ɗazu tana yi wa tsohuwar nan tallar rufin, ita kuma ta amsa da zan zo, alhali a ranta kabari ta yarda ta shiga da ranta don kada ta ɓata wa surukarta. Ta ɗaga kai ta dubi genteng ɗin. Kyawawa ne wallahi, ba ta taɓa ganin jeri mai kyan wannan ba a duk gidajen da suka shiga.

Ta fita falo. Ruwa ya ɗauke, indararo ne kawai ke ɗiga.

"Pak Kosim, gidan mun saya, a yadda ka faɗa. Kana da tamfol?"

"Akwai wanda nake shanya shinkafa. Me za a yi da shi?"

"Ɗakin baya zan kware. Rufinsa daban yake, ba zai taɓa na uwar gida ba, katakon kuma zai ɗauki jinka har ya yi godiya. Mu rufa tamfol kafin Kang Oding ya sauko da masu jinka daga ƙauye."

Pak Kosim ya saki baki.

"Neng, tsaya. Tun safe kike sama kina caka wannan, kina ƙwanƙwasa wancan, kika sauko kika ce babu irinsa. Yanzu kuma shi za ki kware? Gidan fa ko hannu ba mu sa ba."

"In na fasa saye, Pak, ni zan mayar maka da su da hannuna, har in gyara maka tsagar doron nan kyauta."

"Jinka a tsakiyar Cisaat! Maƙwabta za su ce na sayar wa mahaukata."

"Ka ce musu ɗakin mai rai ne."

Ya dube ta, ya dubi matarsa da ke tsaye a ƙofar madafa tana share ido da bakin zani, ya tafi neman tamfol yana gunaguni.

Oding ya kafa tsani a bayan gida. Genteng jiƙaƙƙe santsi gare shi, don haka ta hau a hankali, da hannu da gwiwa, har ta kai layin sama na ɗakin baya. Ta zura yatsu ƙarƙashin falle na farko, ta ɗaga, ta zaro shi. Da nauyinsa, da sanyin ruwa a jikinsa. Ta riƙe shi jim kaɗan, ta yi wa mahaifinta addu'a a zuci, sannan ta miƙa wa mijinta.

"Jera su a gindin bango, Kang, a tsaye. Ka fasa ɗaya ka gani."

Ta zare na biyu, ta zare na uku. Haske ya faɗa cikin ɗakin. Ta leƙa ta tsakanin katako, sai ga Ema Arsih a tsaye a tsakiyar ɗaki, ta dafa sanda da hannu biyu, ta ɗago fuska tana ƙifta ido, wani ɗigon ruwa da ya kuɓuce daga katako ya sauka a goshinta ba ta ko share ba.

"Ema, matsa gefe, kada wani abu ya faɗo miki."

Tsohuwar ba ta matsa ba.

"Neng."

"Na'am, Ema."

"Ina da yawan tari da dare, kuma ina minshari. Kada ki zo ki ce ban gaya miki ba."